Ƙwayoyin T da Masu Hidimar Ƙwaƙwalwa a Cutar MS

A cutar MS, wadda likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana a 1868, garkuwar jiki ce ke juya wa mai ita baya. Takan lalata mayelin, kitsen da ya lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka kamar robar wayar lantarki, sai gani ya dushe, ƙafafu su yi nauyi. Ƙiyasin 2020 ya nuna kusan mutum miliyan 2.8 ke fama da ita a duniya. An daɗe ana ɗora wa ƙwayoyin T, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini na garkuwar jiki, laifin, amma ba su kaɗai ke ɓarnar ba.

Idan ƙwayoyin T suka tsallaka shingen da ya raba jini da ƙwaƙwalwa, sukan tarar da ƙwayoyin da ke yi wa jijiyoyi hidima: astrosait masu ciyarwa da tsaron shingen, da maikrogiliya masu kwashe tarkace. Sai su aika musu saƙo ta sinadarai. Jinsin ƙwayoyin T mai suna Th17, wanda aka gano a 2005, yana fitar da sinadarin IL-17, shi kuma ya sa astrosait su kirawo ƙarin fararen ƙwayoyin jini. A 2010 masu bincike a Cleveland suka toshe hanyar karɓar wannan saƙo a ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓeraye masu cuta mai kama da MS, ba su taɓa ƙwayoyin T ba, sai cutar ta yi sauƙi. A 2020 kuma ayarin Francisco Quintana a Harvard ya nuna sinadarin GM-CSF na ƙwayoyin T yana mayar da astrosait masu rura kumburi.

Ba duk saƙon ne na sharri ba. Binciken Belfast na 2017 ya gano ƙwayoyin T masu daidaita garkuwa suna taimakawa wajen sake gina mayelin a ɓeraye.

Darasi mafi nauyi daga asibiti ya fito. Maganin natalizumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2004, yana hana ƙwayoyin T shiga ƙwaƙwalwa, ya kuma rage tasowar cutar da kusan kashi biyu cikin uku. Amma da aka gwada shi a kan waɗanda cutarsu ta kai matakin ci gaba ba tsayawa, bai cimma babban abin da aka sa masa na dakatar da naƙasa ba. Masana da dama na ganin a wannan mataki astrosait da maikrogiliya ne ke ci gaba da kumburin a bayan shingen. Saboda haka tsare ƙofa bai wadatar ba. Maganin da ake buƙata shi ne wanda zai shiga ƙwaƙwalwa ya kwantar da waɗannan ƙwayoyin.