Uwar garke da mai jiran ko-ta-kwana: yadda ake raɗa musu suna da tsara fayilolinsu

Duk ma'aikatar da ke adana bayanai a kwamfuta, asibiti ce, kantin magani ne ko asusun ajiya da lamuni, tana da rumbun bayanai da ke zaune a kan wata na'ura da ake kira uwar garke, wadda masu aikin suka fi sani da serveur. Inda bayanan ke da muhimmanci akan ajiye biyu: babba mai karɓar rubutu, da mai jiran ko-ta-kwana da ke kwafar duk abin da aka rubuta. Idan babbar ta faɗi, sai a ɗaga mai jira ta hau matsayinta.

A Yamai wannan tanadi ya zama dole. Zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, kuran na yankewa, kuma mutane ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo wa NIGELEC.

Manhajar da za a yi misali da ita ita ce PostgreSQL, wadda ta samo asali a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1986. A kanta DHIS2 ke aiki, tsarin da ma'aikatar kiwon lafiya ta Nijar ke tattara alƙaluma da shi.

Raɗin suna

Ƙa'idar farko: kada sunan na'ura ya faɗi matsayinta, domin matsayi na canjawa. Wadda aka raɗa wa "principal" yau, bayan yankewar kuran tana iya komawa mai jira, sunan ya zama ƙarya. A raɗa suna da abin da ba ya sauyawa, wato wurin da take. Idan asibiti a unguwar Dar es Salam ya ajiye ta biyu a Harobanda, ƙetaren kogi, sai a kira su darsalam-bd1 da harobanda-bd1. Shi kuwa matsayi a ba shi laƙabi dabam a kundin adireshi na DNS, kamar bd-rubutu, wanda manhajojin ma'aikata ke nema, a riƙa juya shi zuwa wadda ke shugabanci.

Ƙa'ida ta biyu: sunaye su bambanta tun daga harafin farko. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge bayanai a kan db1, wato babbar, yana zaton db2 ce. Kusan gigabait 300 suka tafi, kuma aikin kimanin sa'o'i shida bai dawo ba. Lamba ɗaya ce ta raba sunayen biyu. Don haka kafin a goge ko a gyara wani abu, a tambayi na'urar kanta da umarnin pg_is_in_recovery(): in ta amsa "t" mai jira ce, in "f" babba ce.

Tsarin fayiloli

Manyan fayilolin saiti biyu ne: postgresql.conf, mai tsara aikin manhajar, da pg_hba.conf, mai faɗin wanda aka yarda ya shigo. Su zama iri ɗaya a na'urorin biyu. Dalili kuwa, mai jira ba ta karɓar aiki idan wasu iyakokinta, kamar max_connections, sun gaza na babbar, kuma in pg_hba.conf nata ya bambanta, ranar da ta hau mulki za ta rufe wa ma'aikata ƙofa.

Abin da ya keɓanta ga kowace na'ura sai a ware shi. Umarnin include_dir na karanta fayilolin wata jaka bi da bi bisa jerin sunayensu, kuma na ƙarshe ke rinjaye. Misali: 00-gama-gari.conf, 10-kwafi.conf, 90-wannan-naura.conf. A na ƙarshen ake sa cluster_name, wato sunan na'urar, da primary_conninfo, adireshin da za ta riƙa kwafowa. Babbar ma tana iya ɗauke da wannan adireshi, ba ta amfani da shi sai ranar da ta koma mai jira.

Shi kansa matsayin yana cikin fayil guda marar rubutu, standby.signal. Yana nan, na'ura mai jira ce. Da an ɗaga ta, manhajar ke share shi. Wannan ya fara ne da sigar 12 ta Oktoban 2019. Kafin nan recovery.conf ake amfani da shi, kuma sababbin sigogi ba sa tashi in suka tarar da shi. A kuma lura da postgresql.auto.conf, wanda umarnin ALTER SYSTEM ke rubutawa: shi ake karantawa ƙarshe, yana iya danne saitin da aka yi da hannu.

Bayan an yi canji

Idan tsohuwar babbar ta farfaɗo, kada a bar ta ta tashi da matsayinta na da, don sarki biyu ba sa zama gari ɗaya: kowace za ta karɓi rubutu, lissafi ya rabu biyu. A daidaita ta da pg_rewind ko a sake kwafo ta da pg_basebackup, a sa mata standby.signal.

Mai jira ba ta maye gurbin ajiyar kwafi ta dabam, domin abin da aka goge bisa kuskure a babbar, nan take yake gogewa a wurinta. A adana fayilolin saiti a Git don a san wanda ya canja me, a buga matakan canjin a takarda a ajiye kusa da na'urar, sannan a gwada su da rana tsaka, ma'aikata na nan, tun kafin daren da kuran zai tilasta.