Tsofaffin hotunan iyali da salsalar Ingilishin da suka zauna Albani a 1820

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba matsayin tsofaffin hotunan iyali wajen binciken salsala. Misalin da muka ɗauka shi ne na Turawan da suka sauka gabashin ƙasar Kap, a Afirka ta Kudu, cikin shekara ta 1820, akasarinsu mutanen Ingila.

A 1819, lokacin da rashin aiki ya addabi Ingila bayan yaƙe-yaƙen Napoleon, majalisar ƙasar ta ware fam 50 000 domin kwashe masu son yin ƙaura zuwa Kap. Wajen mutum 4000 suka sauka gaɓar Algoa. Jirgin farko, Chapman, ya iso cikin Afrilu na 1820. An tsara su rukuni-rukuni, kowane da shugabansa, aka yi wa kowane magidanci alkawarin wajen hekta 40. Ƙasar kuwa da masu ita. Zuurveld ce, wadda aka raɗa wa suna Albani, inda sojojin Kanar John Graham suka kori Xhosa kamar 20 000 a 1811 da 1812, kuma nufin gwamna Somerset shi ne baƙin su zama shinge a bakin iyaka. Tsatsa ta cinye alkamarsu shekaru a jere, ambaliya ta biyo a 1823, da yawa suka bar gonaki suka koma Grahamstown suna sana'a da fatauci.

To, sai a 1839 aka bayyana dabarar Daguerre a Paris, kuma sai a 1846 wani Bafaranshe, Jules Léger, ya soma ɗaukar hoto a Port Elizabeth. Wanda ya sauka yana da shekara 25, a lokacin ya kai 51. Kafin hoto ya yi arha a shekarun 1860, ya doshi 70. Ke nan idan iyali suka nuna hoton saurayi suka ce shi ne kakan da ya ƙetaro teku a 1820, sai mu ce ɗansa ne ko jikansa, in ba zanen hannu aka ɗauka hoto daga baya ba.

Jikin hoton ma shaida ne. Na Daguerre faifan tagulla ne mai rufin azurfa, ba shi da kwafi, kuma dama da hagu a juye suke kamar a madubi. Dabarar gilashi ta Frederick Scott Archer ta fito a 1851. A 1854 Disdéri ya yi rajistar carte de visite, wato ɗan kati mai kamar santimita 6 bisa 10, sa'an nan babban kati ya shigo a 1866. A bayan katin galibi akwai sunan mai hoto da garinsa, abin da ke taimakawa ƙwarai. Amma iyalai sukan kai tsohon hoto a sake ɗaukarsa don a raba wa dangi, saboda haka shekarun kati ba lalle su zama shekarun fuskar da ke kansa ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu, a matsayinmu na masu nazarin harshe, shi ne rubutun hannu na bayan hoton. Sau da yawa kalma guda ce: uwa, kaka, goggo. Waɗannan kalmomi suna da dangi da irin waɗanda Jakobson da Benveniste suka yi bayani a kansu, kamar ni, nan, yau, waɗanda ba a sanin abin da suke nuni sai an san mai magana. Kakar wa? Ranar da mai rubutun ta rasu, kalmar ta zama fanko. Ko an samu cikakken suna ba a huta ba, don Ingilishi suna maimaita suna a gida ɗaya, John ɗan John jikan John, mace kuwa da ta yi aure sai sunan gidan ubanta ya ɓace ƙarƙashin na miji. Mu da muka saba jin maroƙi yana jero salsala, mun san cewa shi ma yakan haɗe masu suna ɗaya su zama mutum guda. Takarda ba ta tsira daga wannan ba.

Dole ke nan a gwada hoto da takardu. Rajistar haihuwa ta gwamnati a Ingila ta soma a 1837, ƙidayar farko mai sunayen kowa an yi ta a 1841, duka bayan tafiyar mutanen. Abin da ya rage shi ne littattafan majami'u, waɗanda aka wajabta tun 1538, da jerin sunayen ofishin mulkin mallaka da ke ajiye a Kew. Shi ma jerin ba a rungumarsa ido rufe: M. D. Nash, a aikinta na 1987, ta nuna cewa wasu sun fasa tafiya a ƙarshe, waɗansu suka shiga jirgi da sunayensu. Mai bin irin wannan suna zai isa wani ƙauyen Ingila da murna, ya rungumi kakannin da ba nasa ba. A lura kuma cewa garuruwan da ke buge a bayan kati sun sake suna: Grahamstown ta zama Makhanda a 2018, Port Elizabeth ta zama Gqeberha a 2021.

Akwai kuma wadda akan gani a gefen wasu hotuna, baƙar mace mai reno riƙe da jaririn gidan. Jaririn an rubuta sunansa, wani lokaci har da watanninsa, kuma daga nan ana iya bin zuriyarsa zuwa yau. Ita kuwa galibi ba a rubuta kome a kanta, sai mai bincike ya koma littattafan baftisma na mishan, inda sau da yawa sunan da aka ba ta a majami'a kaɗai zai tarar.