Yarjejeniyar Magami: Sulhun da Ya Bi Mai Shi Kabari

A wajajen 1788, lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake wa'azi a Faru, cikin ƙasar Maradun ta yau, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami domin Babbar Salla. Zaman ya zo ana cikin zullumi. Gobirawa sun rushe Birnin Zamfara tun zamanin Sarki Babari, sun kafa Alƙalawa, amma zukatan Zamfarawa ba su kwanta ba. Ga gaba da Katsina, ga kuma malamin da jama'arsa ke ƙaruwa kullum.

Bawa ya yi wa malamai kyauta, Shehu ya ƙi karɓar tasa. Maimakon dukiya ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince da duka. Kowane ɓangare ya tashi da riba: Bawa ya huta da fitinar cikin gida ya fuskanci Katsina, jama'ar Shehu kuwa ta sami sararin yaɗuwa ba tare da an zare takobi ba.

Raunin sulhun shi ne ya rataya ga bakin mutum ɗaya. Ba a daɗe ba Bawa ya rasu. Da Nafata ya hau mulki sai ya hana sa rawani da lulluɓi, ya taƙaita wa'azi. A zamanin Yunfa aka far wa Gimbana. A watan Fabrairun 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, a watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto, a 1808 Alƙalawa ta faɗi.

Tarihin yana da amfani a yau. A 2023, da ECOWAS ta yi barazanar kai soja Nijar, malamai da sarakunan Arewa ne suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai, aka kauce wa yaƙi. Amma an kashe wutar ne kawai, garwashin yana nan: Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Mutuncin dattawa yana iya dakatar da yaƙi, Magami shaida ce. Abin da ba ya iyawa shi ne ɗaure magaji. Sulhun da ba a mayar da shi ƙa'idar da za ta hau kan sarkin gobe ba, kwanansa kwanan mai shi ne.