Masu Riƙe da Ma'aunin Littattafan Hikaya a Ƙasar Hausa

Tun zamani mai nisa, kafin a ji ɗuriyar Nasara a ƙasar nan, malaman Hausa suna da al'adar auna littafi da faɗin matsayinsa, domin duk wanda ya taɓa durƙusawa a zauren ilmi a Kano ko Katsina ko Zazzau ko Sakkwato ya san ba a barin matani ya yi tafiya shi kaɗai, sai an haɗa shi da sharhi, an cika gefen takarda da hashiya, wani lokaci kuma babban shehi ya rubuta wa talifin almajirinsa taƙarizi na 'yan baitoci, don jama'a su sakankance cewa abin da ke ciki ya bi ta hannun masana. Amma wannan hidima duka ta littattafan fiƙihu ce da tauhidi da nahawu da madahu, irin su Risala da Muhtasar da Ishiriniya. Hikaya kuwa ba ta sami wannan alfarma ba, wurinta ɗakin tsohuwa ne bayan sallar lisha, masu sauraronta yara ne da mata. Abin da ya fi kusa da ita a karatun zaure shi ne Muƙamar Hariri, ita ma don lugar da ke cikinta ake karanta ta, ba don damfarar jaruminta Abu Zaidu ba.

Da aka kafa makarantun boko, tun daga wadda Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, har zuwa Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, sai wata matsala ta ɓullo wadda ba a yi mata tanadi ba, watau yaro ya iya haɗa baƙi da wasali, amma in ya waiwaya ba ya samun abin da zai karanta da harshensa. Akwai tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara aka buga cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, sai dai masu amfani da su galibi Turawan mulki ne masu shirin jarrabawar Hausa. Saboda haka aka kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zauna a Zariya, ta fitar da littattafai irin su Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, daga baya aka faɗaɗa aikinta ta zama Hukumar Talifi. A 1933 shugabanta, Dokta Rupert East, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su zauna su ƙago labari mai tsawo daga kansu, aka kuma sa gasa a kai. Shi da kansa ya bayyana a wata maƙala da ya buga a 1936 a mujallar Africa irin wahalar da ya sha kafin ya shawo kan dattawan malamai, waɗanda suke ganin shirya ƙarya a takarda ba aikin mai mutunci ba ne. Wannan maƙala tana cikin bayanai na farko da aka rubuta a kan ƙagaggun labaran Hausa, abin lura kuwa shi ne da Ingilishi aka rubuta ta, don Turawa, waɗanda aka yi littattafan dominsu kuwa ba su ma san da ita ba.

Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri, kuma mizanin da aka auna su da shi mizanin ɗakin karatu ne: Hausa mai kyau, labari mai jan hankalin yaro, babu abin da zai ɓata wa sarakuna ko gwamnati rai. Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, wanda a lokacin saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyu yana koyarwa a Midil ta Katsina, shi ne ya fi cika wannan sharaɗi, ya kuma wuce shi. Neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki hujja ce kawai ta fita yawon duniya. Ainihin daɗin littafin yana wurin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, waɗanda duk garin da suka haɗu sai ɗaya ya yi wa ɗaya mugun wayo, ɗayan ya rama a gari na gaba. Mai karatun zaure yana buɗe shi zai ji ƙamshin Muƙama, mawallafin kuwa bai ɓoye cewa daga can ya ɗebo wani abu ba. Ganɗoki, na wansa Malam Bello Kagara, wani abu ne dabam, domin rabinsa na farko tarihi ne da aka yi masa ado da kirari, tun daga yaƙe-yaƙen Sarkin Sudan na Kwantagora har zuwa hijirar Sarkin Musulmi Attahiru da yaƙin da aka yi a Burmi a 1903, sa'an nan labarin ya tsallaka ƙasashen aljannu, daga ƙarshe jarumin da ya ƙi Nasara ya komo gida ya tarar da jirgin ƙasa da makaranta, ya yi na'am da su. Ni dai a ganina wannan ƙarshe ya fi kama da abin da ofis ke so a ji fiye da abin da Ganɗokin farkon littafin zai faɗa, amma kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce shekara talatin kacal bayan Burmi an buga littafi da kuɗin gwamnatin Ingila wanda jaruminsa ke sarar sojojinta.

Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne wanda sa shi cikin jerin littattafan yara ya fi cuta. Babu barkwanci a cikinsa, babu aljani. Wani malami ne natsattse a Rauta almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labarin yadda hassadar fadawa ta kori mijin uwarsa Makau, yadda shi aka sace shi yana ƙarami, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya ratsa hamada da shi ya mai da shi ɗa ya ba shi ilmi, da yadda uwarsa ta bi sawunsa ita ma aka bautar da ita, har suka sadu a lokacin da wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta cika. Yaro ɗan firamare zai iya karanta kalmomin, amma sai wanda ya ga duniya zai gane nauyin abin da aka faɗa a kan bauta da ƙaddara, da yadda mawallafin ya ƙi ɗaga murya ko sau ɗaya. Sai da Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, shekara guda bayan kisan mai shi, aka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976, sa'an nan mutane da yawa suka komo suka dube shi da idon manya. Sauran biyun su ne Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, labarin ɓarayi, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East, inda mai dukiya ya ƙwace wa saurayi budurwarsa, fansa kuma ta faɗa a kan ɗan da aka haifa.

East ya gane abin da ya samu a wurin Imam, don haka a 1936 ya sa aka ba shi aronsa zuwa Zariya, ya tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da Indiyawa da Turawa, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Grimm, ya ce ya gina wa makarantu littafin karatu. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, juzu'i uku, tsakanin 1937 da 1939, inda aku yake ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labari dare bayan dare don ya hana shi fita ya faɗa tarkon mugun waziri, daga nan ya yi gasar labari da wani akun, daga ƙarshe ya zauna yana horon ɗansa Fasih. Masu bincike sun sha wahalar bin diddigin kowane labari zuwa inda aka aro shi, aikinsu kuwa yana da amfani, sai dai mai karatu a Funtuwa ko Maraɗi bai taɓa jin taurarin labaran, irin su Kalala da Kalalatu, baƙi ne ba, domin an sa musu tufafin ƙasar, an ba su bakin mutanenta, an kuma ɗaure kowane labari da karin maganar da kowa ya sani. Shi ne littafin yara mafi girma da aka yi da Hausa, manya kuma ba su taɓa jin kunyar a gan su da shi ba.

Daga nan al'amari ya bunƙasa, amma ma'auni bai bar hannu ɗaya ba. Aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939 Imam yana editanta, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, sa'an nan a zamanin Yaƙi da Jahilci aka kafa hukumar talifi ta NORLA wadda ta yi aiki har 1959, ta cika lardi-lardi da ƙananan jaridu irin su Himma a Katsina da Sodangi a Kano da Zaruma a Sakkwato. Yara suna tashi da Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, su wuce zuwa Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda asalin jaruminsa na Rasha ne. Da yake gida ɗaya ne ke karɓar rubutu, ya gyara, ya buga, ya rarraba, shi ne kuma mai jaridar, hukuncin littafi yakan ƙare tun kafin ya shiga injin, abin da ya rage wa mai karatu shi ne ya saya ko ya bari.

Bayan an kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966 an sami littattafan da suka dubi yaro da gaske, kamar Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda yaro Kilba ya bi wani baƙo mai suna Kolin Koliyo zuwa sararin samaniya, da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya ɗauko abin da ke bakin tsofaffi da dandali ya sa a takarda cikin juzu'i shida. A wannan zamani ne ma'auni ya koma hannun malamin makaranta da mai shirya jarrabawa. Hausa ta zama darasin da ake ci ko a faɗi a sakandare da kwalejojin horon malamai da jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, aka shiga rubuta taƙaitaccen bayani a kan kowane littafi bisa tsari ɗaya: tarihin mawallafi, jigo, zubi da tsari, salo, taurari. Wannan ya tsare sunayen littattafai da yawa daga ɓacewa, littafin Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya da ya fito a 1988 kuwa ya tattara tarihin duka a wuri guda. Illarsa ita ce ɗalibi yakan haddace jigon Ruwan Bagaja ya ci jarrabawa da shi alhali bai taɓa yin dariyar Malam Zurƙe ba.

Gasar da NNPC ta shirya, wadda littattafanta suka fito a 1980, ta nuna inda iska ke kaɗawa, domin a ciki akwai Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, dukansu a kan soyayya da auren da iyaye ba su so, na biyun kuma daga alƙalamin mace. Ba a jima ba tattalin arzikin ƙasa ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka janye hannu daga hikaya, alhali kuwa shirin ilmin firamare na kowa da kowa na 1976 ya riga ya yaye dubban matasa masu iya karatun Hausa. Sai marubuta suka shiga buga abinsu da kuɗinsu a ƙananan maɗaba'o'in Kano, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, aka sami Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. A karo na farko babu Bature, babu ofis, babu manhaja tsakanin mai rubutu da mai karatu. Mai shagon haya, wanda ke ba da littafi a kwana da shi a kan 'yan kuɗi kaɗan, shi ya zama mai sharhi, domin shi zai gaya wa yarinyar da aka aiko daga cikin gida cewa wannan ya fi wancan, na biyunsa bai fito ba tukuna, wancan kuwa matan unguwa sun yi ta kuka a kansa. Marubucin da littafinsa ya kwana a kanta ba a taɓa ba, ba ya bukatar wani ya faɗa masa matsayinsa.

Masana ba su yi shiru ba. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan rubutu sunan Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba zai yi ƙarko ba, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa rubutun a kan cewa madubin zamaninsa ne, aka yi shekaru ana muƙabala a filayen adabin jaridu, musamman waɗanda Ibrahim Sheme ya riƙe. Muhawara ce mai albarka, ko da yake kaso mai yawa nata da Ingilishi aka yi, kuma ta fi karkata ga tambayar ko littattafan suna ɓata tarbiyya, maimakon a ɗauki littafi guda a ce ga inda ya yi kyau, ga inda ya yi rauni. Wanda aka manta da shi a cikin wannan hayaniya shi ne yaro ƙarami, domin kasuwa tana bin mai kuɗin haya ne, ɗan shekara takwas kuwa ba shi da su, hukumar da a dā take buga masa littafi ko da ba riba ta riga ta raunana, har ya zama uban da ya shiga kantin littattafai a Sabon Gari yana neman abin da zai saya wa ɗansa da Hausa, mafi yawan lokaci abin da za a miƙo masa shi ne wanda Imam ya rubuta a Zariya a 1936.