Daga Ayarin Gwanja Zuwa Kwantena: Tarihin Tsaron Dukiya a Kan Hanya

Da yawa daga cikinmu, mu 'ya'yan wannan gari mazauna Legas, Kano, Abuja da Fatakwal, abincinmu yana rataye ne da kayan da ke bisa hanya, ko buhun hatsi a bayan tirela, ko kwantena a cikin jirgin ruwa. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya ne, don haka muka ga ya dace mu duba yadda magabata suka tsare dukiyarsu daga mahara, mu gwama shi da abin da duniya ke yi a yau.

A ƙarni na 19, fataucin goro zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yanzu, yana cikin manyan sana'o'in ƙasar Hausa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka fi shahara a kansa. Fatake kan tashi daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, su haye Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Zugu da Yandi har kasuwar Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida har zuwa shekara, kuma dazukan Bargu sun yi ƙaurin suna wajen 'yan fashi.

Maganin farko da suka yi wa wannan haɗari shi ne yawa, domin ba mai shiga wannan hanya shi kaɗai. A 1826 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya tarar da ayarin Hausawa a Kayama mai mutum sama da 1,000, da dabbobin kaya kusan kamar haka. Na biyu shi ne tsari. Madugu ne shugaba, maganarsa ce yankan wuƙa tun daga tashi har sauka. Jagaba yana gaba, yana duba hanya yana shinshino labari. Uban dawaki shi ke tara kuɗi daga fatake ya biya fito da gaisuwar sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Akwai malamin ayari mai zaɓen ranar tashi, mai addu'a da rubuta wasiƙa. Idan an isa zango kuwa, fatoma ke karɓar baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa a ciniki. Kibiya da mashi suna nan, amma abin da ya fi riƙe ayari shi ne kowa an san asalinsa, an kuma san wanda zai amsa tambaya in kaya ya salwanta.

Tarihin Salaga kansa izina ne. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, goron Asante ya rage isa can, ciniki ya fara karkata zuwa Kintampo. Yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa watsa kasuwar, fatake suka bazu zuwa Karachi ta bakin kogin Bolta, da Kumasi da Ankara. Alhaji Alhassan Ɗantata yana cikin na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas, kuma da layin dogo ya iso Kano a 1911 sai doguwar tafiyar jakai ta ja baya. Ciniki bai mutu ba, hanya ya sake, ya bar garin da ya rasa zaman lafiya da kangon rumfuna.

A yau kimanin kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta teku suke tafiya. Harin 11 ga Satumba 2001 ya sa gwamnatoci fargabar kada a ɓoye makami a cikin kwantena. A 2002 Amurka ta fara girke jami'an kwastan ɗinta a tashoshin wasu ƙasashe domin a binciki kaya tun kafin a loda, ta kuma wajabta aika bayanin kaya awa 24 kafin lodi. Wannan aikin jagaba ne a sabon salo. Ranar 1 ga Yuli 2004 dokar ISPS ta hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara aiki, inda ta tilasta wa manyan jiragen ƙasa da ƙasa da tashoshinsu su mallaki tsarin tsaro da jami'in da alhakin ke wuyansa. A 2005 Ƙungiyar Kwastan ta Duniya ta fito da tsarin SAFE, wanda ke sauƙaƙa bincike ga ɗan kasuwar da aka tantance aka tabbatar da amincinsa. Duk da na'urori da hatimin ƙarfe, tushen bai sauya ba: a san mai kaya, a san wanda ya loda, a san mai amsawa.

Haɗarin ma bai gushe ba. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a Tekun Gini aka kama su, wato a ƙofar gidanmu. Daga ƙarshen 2023 hare-haren 'yan Huthi a Bahar Maliya suka sa manyan jirage zagayawa ta kudancin Afirka, kuɗin dako ya tashi, aka maimaita labarin Salaga a kan ruwa. A cikin gida kuwa, ba mu manta da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 ba, ko wahalar da direbobi suka sha a hanyar Birnin Gwari.

A nan wajibi ne mu bambance abu biyu. Fiton da madugu ke biya, ga sarki yake biyansa, mai gari da fada da suna, wanda za a iya kai wa ƙara ko a ƙaurace wa ƙasarsa in ya ci amana. Harajin da ɗan bindiga ke ɗora wa manomi da direba ba ya sayen tsaro, harsashin gobe yake saye.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu ta haɗa kai da masarauta da shugabannin kasuwa da na tasha, a buɗe rajistar direbobi da 'yan lodi da dillalan garinmu, kowa da mai tsaya masa. Motocin ranar kasuwa su riƙa tashi tare da rana tsaka, da sanin jami'an tsaro. 'Yan uwanmu da ke aiki a kwastan da tashoshin ruwa su koya wa matasan 'yan kasuwarmu ƙa'idojin takardun kaya da inshora. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma galibi kafin a tare mota a daji, wani ne a tasha ya faɗi lokacin tashinta.

Idan hanyar gida ta lalace, mu na birni za mu fara ƙirga shekaru ba mu je ba, kasuwarmu kuma ta koma wani gari. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya jiƙan magabata, ya albarkaci nemanmu, amin.