Daga Landan zuwa Ibadan: Yadda Manyan Ɗalibai Suka Kafa Wakilci, Suka Kuma Bar Shi



Alhamdu lillahi, yanzu 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke karatun digiri na biyu da na uku a jami'o'in Ibadan, Legas, Ife da Abeokuta suna ƙaruwa. Sai dai in ka tambayi ɗayansu ko yana da hannu a majalisar wakilan ɗalibai, amsar da ka fi ji ita ce: "Ai wannan harkar yara ce." Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Waiwaye adon tafiya, bari mu koma baya mu ga waɗanda suka fara ɗora tubalin.

A ranar 7 ga Agusta, 1925, aka kafa Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma, wato WASU, a birnin Landan. Jagoranta Ladipo Solanke, mutumin Abeokuta, ya riga ya sami digiri a Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo kafin ya tafi Ingila karatun lauya a 1922. Lokacin da aka kafa ƙungiyar shekarunsa sun doshi 40. Wanda ya ƙarfafa masa gwiwa, Herbert Bankole-Bright na Saliyo, likita ne da ya daɗe da gama karatu. Damuwarsu ta farko mai sauƙin fahimta ce: baƙar fata ba ya samun ɗakin haya a Landan cikin mutunci. Solanke ya zagaya Afirka ta Yamma daga 1929 zuwa 1932 yana neman gudummawa, yana buɗe rassa, har a 1933 ƙungiyar ta buɗe masaukinta na kanta a unguwar Camden.

Daga maganar masauki aka gangaro maganar 'yancin kai. Kwame Nkrumah ya isa Landan a 1945 da digirorinsa na Amurka, ya yi rajistar karatun digiri na uku, ya zama mataimakin shugaban WASU, ya kuma taimaka wajen shirya taron haɗin kan Afirka na Manchester a watan Oktoba na shekarar. Bayan shekara 12 shi ne ya karɓo wa Ghana 'yanci. A wannan zamanin ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, sannan Malam Aminu Kano a bayansa, suka je Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Dukansu malamai ne da suka riga suka koyar kafin su tafi. Da Malam Aminu ya dawo, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Ke nan tun farko, magidanta da suka koma aji su ne suka koya wa na baya yadda ake haɗa kai a yi magana da murya ɗaya.

A gida kuma abin ya ɗauki wani salo. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, kuma babban aikinta a wancan lokaci shi ne yaye masu digirin farko. Mai son ya wuce nan galibi sai ya tsallaka teku. Don haka lokacin da aka kafa Ƙungiyar Ɗaliban Nijeriya, NUNS, a 1956, masu digirin farko ne suka tsara ta, kuma daidai da rayuwarsu suka tsara ta: wakilci ta ɗakunan kwana, zaɓe kowace shekara, taro a harabar makaranta. Sai bayan da Ibadan ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello da ta Legas, karatun gaba da digirin farko ya fara bunƙasa a cikin gida. Manyan ɗalibai sun iso sun tarar an riga an gina gidan, an raba ɗakuna.

NUNS ta yi rawar gani. A ƙarshen 1960 ɗalibai suka yi tattaki zuwa majalisar tarayya a Legas don ƙin yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da Birtaniya, kuma a watan Janairu na 1962 gwamnatin Ɓalewa ta soke ta. Amma daga nan farashin gwagwarmaya ya fara zama jini. A ranar 1 ga Fabrairu, 1971, harsashin 'yan sanda ya kashe Kunle Adepeju a Jami'ar Ibadan, a wata zanga-zanga da ta samo asali daga ƙorafin abinci a ɗakin kwana na Nnamdi Azikiwe. Ginin ƙungiyar ɗaliban jami'ar sunansa yake ɗauke da shi har yau.

A watan Afrilu na 1978 aka yi babbar tarzomar da ake kira "Ali Must Go". Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙara kobo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini, daga naira ɗaya da kobo 50 zuwa naira 2. Shugaban NUNS, Segun Okeowo, ya kira ƙaurace wa aji, ɗalibai suka nemi a sauke kwamishinan ilimi Kanar Ahmadu Ali. Aka harbe Akintunde Ojo a Jami'ar Legas, sojoji suka kashe ɗalibai da dama a Samaru, Zariya. Wannan rana ba ta tambayi ƙabilar kowa ba. Gwamnati ta haramta NUNS, ta kori wasu malamai, shugabannin jami'o'in Legas da Zariya, Farfesa Ade Ajayi da Farfesa Iya Abubakar, suka bar kujerunsu. A 1980 aka kafa NANS a madadinta. A ranar 23 ga Mayu, 1986, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka sake buɗe wuta a Zariya zamanin Farfesa Ango Abdullahi. Hukuma ta ce mutum 4 suka rasu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Bayan tarzomar ƙin tsarin tsuke bakin aljihu ta 1989, gwamnatin Janar Babangida ta fitar da doka mai lamba 47, wadda ta mayar da shiga ƙungiyar ɗalibai ganin dama, ta kuma ba hukuma ikon rusa ƙungiya. Sannan a ranar 10 ga Yuli, 1999, 'yan ƙungiyar asiri suka kashe ɗalibai 5 a Jami'ar Ife, ciki har da sakataren ƙungiyar ɗalibai, George Iwilade.

Duk wanda ya bi wannan jerin zai gane dalilin da ya sa manyan ɗalibai suka ja da baya. Mai digiri na biyu galibi yana da mata da 'ya'ya, ko aikin gwamnati da ya ɗauki hutu daga gare shi. Karatunsa gajere ne, kafin ya san kan makaranta ya kusa fita. Makomar kundin bincikensa tana hannun malami ɗaya da ke duba shi, don haka ba ya son sunansa ya fito a takardar ƙorafi. Wasunsu ma ƙananan malamai ne a jami'ar, ƙungiyar malamai ta ASUU ta fi kusa da su. Jami'o'i kuma sun ware musu makarantarsu da ɗakunan kwanansu. A Ibadan, ɗakunan Tafawa Ɓalewa da Abdulsalami Abubakar na masu karatun gaba da digiri ne. Abin lura, sunayen 'yan Arewa ne a kan ƙofofin.

Janyewar ta jawo asara ta fuska biyu. Ƙungiyar ɗalibai ta rasa masu tuna abin da ya faru jiya. Kowace shekara huɗu jama'arta kan sauya kakaf, sababbi su maimaita kuskuren tsofaffi. Babba da ya taɓa aiki a ofis ya san yadda ake rubuta takardar koke, yadda ake karanta kasafin kuɗi, da lokacin da ya kamata a zauna a tattauna kafin dutse ya tashi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A 2017 hukumar Jami'ar Ibadan ta dakatar da ƙungiyar ɗalibai bayan zanga-zangar katin shaida, kuma sai a 2019 aka dawo da ita. Tsawon wannan lokaci ɗalibai ba su da bakin da zai yi magana da sunansu duka.

Su kansu manyan ɗaliban sun fi kowa yin asara. Ƙarin kuɗin makaranta yana hawa kansu. Kundin bincike kan kwana wata da watanni a teburin malami, ba wanda zai kai kuka gare shi. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata 9, na 2022 ya ci wata 8, kuma wanda ya ɗauki hutun karatu na ƙayyadadden lokaci daga wurin aikinsa shi ya fi jin jiki. Maƙwabtanmu Yarabawa suna cewa ba a yi wa mutum aski ba ya nan. A kwamitocin jami'a kuwa, wanda bai aika wakili ba haka ake yi masa.

Mu mutanen zango mun fi kowa sanin darajar wakili. Tun da aka kafa Sabo ta Ibadan a 1916, da Sarkin Hausawa muke zuwa gaban hukuma, kuma da shi ake kashe wutar rigima kafin ta kama kasuwa. Ɗanmu da aka haifa a Sabo ko Agege yana jin Hausa da Yarabanci da Turanci. A majalisar da ta tara ɗalibai daga kowane sashe na ƙasar nan, wannan jari ne babba. Shi zai iya tayar da maganar jarrabawar da ta faɗo lokacin sallar Juma'a cikin lalama, shi kuma zai iya tsayawa tsakani idan gardama ta nemi ta koma ta ƙabilanci.

Saboda haka kira gare ku, masu digiri na biyu da na uku. Ku nemi kundin tsarin ƙungiyar ɗaliban jami'arku ku karanta, ku ga ko akwai kujerar da aka ware muku. In akwai, ku tsaya takara ko ku tsayar da nagari. In babu, ku shiga ƙungiyar manyan ɗalibai ta tsangayarku ko ta ɗakin kwananku, ku nemi a saka ta ta hanyar da doka ta tanada. Iyaye kuma mu daina yi wa duk wakilci kallon neman fitina. Solanke da abokansa da maganar ɗakin haya suka fara, kuma mun ga inda ta kai.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu, Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani da shugabanni masu adalci. Amin.