Tambaya da Awo a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun: Daga Takardun Haraji Zuwa Bakolori

Kowace shekara ɗalibanmu na jami'a da na kwalejojin horon malamai su kan ɗauki takardun tambayoyi su shiga ƙauyuka. Wani yana so ya san yadda cinikin 'yan kasuwa ya ke, wani yana so ya ji ko kwas ɗin da aka yi wa manoma ya yi amfani. Su kan komo da takardu a cike, a lissafa, a ce an yi bincike. Nufina a nan in nuna, daga tarihin gundumomi uku da ke Jihar Zamfara, watau Talata Mafara da Bakura da Maradun, cewa tambaya ba ta shiga gari ita kaɗai, tarihinta yana biye da ita, kuma kalmar da aka zaɓa a takarda tana iya raba mutum da gonarsa.

A zamanin Turawa gundumomin nan suna cikin Lardin Sakkwato ne, a hannun hakimansu, Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Ƙayan Maradun. Bayan an ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya kafa dokar haraji a 1906, aka ɗora wa Razdan da Di'o aikin rangadi don su san abin da kowace gunduma za ta iya biya. Su kan ƙidaya gidaje da baligai da shanu da tumaki, su tambayi dami nawa gona ke bayarwa, su rubuta masu sana'a, maƙera da masaƙa da marina, da abin da kowa ke samu a shekara. A ƙasar Kano da Katsina har malaman taki aka sa suna auna gonaki da ƙafa. Rahotannin irin wannan rangadi suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, kuma su ne binciken tattalin arziki na farko da aka rubuta a kan yawancin garuruwanmu. Amma fa mai karanta su ya tuna da abin da aka yi su dominsa. Talaka bai jima ba ya gane cewa baƙo mai takarda da alƙalami haraji ke tafe da shi, ko jangali. Saboda haka saurayin da ya isa biyan haraji sai ya zama yaro, shanu su bi daji, dami ɗari ya koma arba'in. Ban kira wannan ƙarya ba. Amsa ce da ta dace da tambayar da ya ji, ko da ya ke ba ita aka furta ba.

Akwai waɗanda suka gane wannan ciwo suka nemi maganinsa. A Samaru, David Norman da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi bincike a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a 1966 zuwa 1967, sa'an nan suka yi irinsa a Takatuku da Ƙaurar Kimba da Gidan Karma kusa da Sakkwato. Ba su aika da takarda ta yini ɗaya ba. Malaman tambaya suka zaunar a ƙauyen shekara guda, suna zuwa kowane gida sau biyu a mako, har mutane suka saba da su. Kuma da suka ga kalmar "gida" ba ta tsaya wuri ɗaya ba, gida ɗaya yana iya ƙunsar magidanta huɗu, sai suka ɗauki masu ci daga tukunya ɗaya a matsayin iyali. Polly Hill kuwa, wadda ta zauna Batagarawa a 1967, ta yi ta gargaɗi a rubuce-rubucenta a kan alƙaluman da a ke tarawa da gaggawa a karkara. Watau dai ilmin yana nan tun kafin a sa harsashin Bakolori.

A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton binciken ƙasa da ruwa na kwarin Sakkwato. Ta ba da shawara a yi madatsar ruwa matsakaiciya a Bakolori, a bi aikin sannu a hankali, don kada a birkita noman da mutane suka saba. Da aikin ya shiga hannun kamfanin Impresit na Italiya a 1972, sai tsarin ya kumbura. Aka fara gini a 1974 aka gama a 1978: bango mai tsawon kilomita biyar da rabi a kan Gulbin Sakkwato, tafki mai cin kimanin hekta 8,000, da niyyar ban ruwa ga hekta 30,000. An auna ƙasa, an auna ruwa, an auna gangare. Manoman da za a yi aikin a gonakinsu ba a nemi shawararsu ba. Fiye da mutum 13,000 ruwa ya tasa a wajen Maradun.

Inda harshe ya shigo shi ne wajen rajistar gonaki. Tsarin shi ne a karɓi gonakin mutane, a baje su da katafila, a haƙa hanyoyin ruwa, sa'an nan a mayar wa kowa da rabonsa. To, iyakar gona a ƙasar Hausa gamba ce, ko kuka, ko tsamiya, ko wata 'yar kunya da maƙwabta suka sani. Ran da katafila ta wuce, duk shaidun nan sun tafi, ba sauran hujja sai abin da safiyo ya rubuta. Rajista kuwa suna ɗaya ta ke nema a gaban kowane fili. A duba tambayar da Basakkwace zai yi, "Wa ad da gonag ga?" Ga alama amsarta ɗaya ce. Alhali gonar tana iya zama ta gado wadda 'yan'uwa biyar ba su raba ba, babbansu ke riƙe da ita a matsayin gandu. Tana iya zama gayaunar ƙane ko ta mace a cikin gandun. Tana iya zama aro, ko haya, ko jingina, inda mai noma daban, mai ƙasa daban, kuma ba za ta koma ba sai an biya bashi. Ɗorawar da ke tsakiyarta ma tana iya zama ta wani mutum na uku. Nahawunmu bai taimaka ba, gama "gonata" duk waɗannan suna iya faɗinta, ba wanda ya yi ƙarya. Ɗafin mallaka a Hausa dangantaka ya ke nunawa, ba ya faɗin irinta. Mutum ya kan ce "garina" da "sarkina" ba don ya saye su ba. In an so a rarrabe, sai an yi tambaya uku ko huɗu: wa ya share ta, wa ke nomanta bana, wa zai iya sayar da ita, wa ke cin itacen. Ga shi kuma da rani magidanta da yawa suna can cin rani, wanda aka tarar shi a ke rubutawa. A ƙara da tsohon tsoron haraji: mutumin da kakansa ya koya masa rage gona a gaban mai takarda, yau ragin nan shi zai zama rabonsa.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Manoma suka yi shekaru ba su shuka ba suna jiran a gama gyaran filaye, diyyar amfanin gona da ta itatuwa ta yi jinkiri, wajen mayar da filaye kuma aka yi ta rikici. Suka tare hanyoyin aikin. Gwamna Shehu Kangiwa ya yi musu alkawarin duba kokensu, abin bai warware ba. A ƙarshen watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Waɗanda suka bincika daga baya sun kawo fiye da 380. Ba na cewa takardar awo ce ta harba bindiga. Akwai siyasa, akwai kwangila, akwai masu hali da suka saye filayen waɗanda jira ya talauta, kamar yadda Bjorn Beckman ya nuna. Amma W. M. Adams, wanda ya san aikin a kusa, ya ɗora babban kashi na laifin a kan yadda aka tsara shi ba da sanin mutanen ba. Shi ne kuma ya bi fadamun da ke ƙasa da madatsar yana tambayar manoma, ya tarar ambaliyar da su ke dogara da ita ta ragu, shinkafa ta ja baya, gero da dawa sun maye gurbinta, kamun kifi ya faɗi. Waɗannan mutane ba su shiga lissafin farko ba sam, don suna wajen layin da aka ja a taswira.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da wani shiri na gyaran ayyukan ban ruwa a Arewa, Bakolori na ciki, tare da kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da horar da su. Inda duk aka yi horo kuwa, takardar tambaya na biye, kuma a nan ne abin ya shafi malaman kwaleji. Tambayar da aka fi so ita ce, "Ka gamsu da kwas ɗin?" Bahaushen da aka ciyar, aka ba shi kuɗin mota, ga malamin da ya koyar da shi tsaye a kansa, ba zai ce kome ba sai "Madalla, mun gode." Kunya ce da ladabi, kamar "lafiya lau" a bakin majinyaci. Haka kuma matakan nan biyar da a ke fassarowa daga Turanci, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", na tsakiyarsu ba shi da mazauni a maganarmu. Wanda ya ce "to, ba laifi" sau da yawa ƙi ya ke nufi. Ni dai abin da na ke gaya wa ɗalibaina shi ne su bar tambayar gamsuwa, su jira kaka ta wuce, su koma garin da wani ɗan gari wanda ba shi da hannu a kwas ɗin, su tambayi manomi ranar da ruwa ya iso kwalbatinsa a ranin da ya wuce, da wanda ya yashe hanyar ruwan, da buhu nawa ya ɗauka, sa'an nan su roƙe shi ya kai su gonar su gani.